Saukowar Baba Direba

Zuwa ga ƙanena Gajere,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a can madatsar ruwa. Mu nan lafiya lau. Maigidana ya yi fama da mura ya warke, sai dai har yanzu yakan yi tari idan yana son a tausaya masa. Yara suna gaishe ka. Ƙaramar ta ce in tambaye ka wanda ya fara ce maka Gajere, kai da kake sunkuyawa kafin ka shiga ƙofa.

Na san babu waya a inda kuke, sai motar kayan abinci ta hau dutse kuke samun wasiƙa, saboda haka zan faɗi komai a zama ɗaya.

Ka san bara aka ɗora mini sakatariyar kwamitin ƙungiyarmu ta gidaje. Na ɗauka rubutun taro ne kawai, ashe har da famfon da ya toshe da rigimar wadda ta yi shanya a igiyar wata. To amma wannan karon maganar mai nauyi ce.

Baba Direba na hawan ƙarshe ya samu shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallamo shi daga asibiti maƙwabta suka ɗauke shi a kujera suka hau da shi, tun ranar bai sake taka ƙasa ba. Ka san benenmu, matakala ƙunci, ga kwana. Likita ya ce a riƙa kawo shi ana motsa masa jiki, amma Iya matarsa ita ma da ƙyar take hawa. Na je duba shi na same shi a jikin taga. Ba ya hango titi daga inda yake zaune, sauraro kawai yake yi. Wata mota ta wuce, ya ɗaga hannun nan mai lafiya ya ce, "Malama, kin ji? Birkin wannan ya kusa ƙarewa." Na yi dariya. Da na fito sai da na tsaya a kan matakala na share ido.

Ga abin da ya zo mini a rai. Gidanka na ƙasa yana rufe tun da Gwaggo mahaifiyarka ta rasu ka tafi aiki. Me zai hana su Baba su sauko su zauna a ciki, a kai kayanka nasu na sama? Zama ne kawai za a musanya, kowa gidansa yana nan da sunansa.

Abin da ya tare mu shi ne doka ta tara. Ka tuna tana da gaɓa biyu. Ta farko ta hana ɗan ƙungiya ya zaunar da wani a gidansa ko ya yi musaya. Ta biyu ta ce gidan da ya daɗe a rufe ba dalili, ƙungiya tana iya karɓa ta ba wanda yake jira. Ta biyun ba ta shafe ka ba, don kowa ya san aiki ya kai ka, kuma ka nemi izini kafin ka tafi. Ta farkon ce sai babban taro ya yi mata gyara.

Ka yi tunani a tsanake. Kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito, amma wannan bai ba ni iko da ƙofarka ba. In ka ce a'a, shi ke nan, magana ta mutu. Kafin amsarka ta zo zan ɗan taɓa 'yan kwamiti in ji ra'ayinsu.

Ka riƙa sa tabarau idan kana walda, na san halinka.

Yayarka,
Malama

*

Gajere,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya. A tsaye nake rubutu, mai motarku yana ta danna mini ham a bakin makaranta.

Shiru ban ji daga gare ka ba. Kwamiti ya zauna kan maganar gidanka, an yarda a kai ta gaban babban taro a kan doka ta tara. Shugaban ƙungiya ya so a jira, ni na matsa. Na je na auna faɗin ƙofar, za ta yi daidai. Ka aiko da mukulli a mota ta gaba don kada a tsaya jira idan taro ya amince. Kayan Gwaggo kada su dame ka, na san inda za a kai su.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya Malama,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ina fata ku ma haka. Ki gaida maigida da yara.

Yaya, na karanta takardarki a bakin aiki, na koma ɗaki na sake karantawa ko idona ne, na ba abokin kwanana ya karanta mini da ƙarfi. Abin da na gani shi ya gani.

Doka ta tara? A kan gidana? Ni da na je gaban kwamiti da ƙafata na nemi izini kafin in taho? Ba yawo na zo yi nan ba. Ina rataye a jikin ƙarfe tun safe har yamma, rana ta sama, wuta ta ƙasa, abin da yake riƙe ni shi ne na san akwai ƙofar da zan koma in buɗe. Yanzu a ce an zauna a kaina ba ni nan, har an auna ƙofa. Wa aka auna wa ita?

Da Shugaba ne ya matsa da ban yi mamaki ba, aikinsa ne. Amma ki ce shi ya so a jira, ke kika matsa. Ke da Umma ta riƙe kamar 'yar cikinta lokacin da kika zo karatu. A kan kekenta na ɗinki aka ɗinka miki kayan makaranta, yau shi kike cewa kin san inda za a kai.

Ba zan aiko da mukulli ba. Na rubuta wa Shugaba takarda daban, ta tafi a mota ɗaya da wannan. Na gaya masa ban yarda da komai ba, ban wakilta kowa ba, kuma duk wanda ya taɓa ƙofata sai mun tsaya gaban hukuma. Na kuma gaya masa ya bincika abin da sakatariyarsa take nema da gidan ɗan'uwanta.

In akwai abin da na yi miki, ki faɗa mini. Na duba ban gani ba.

Ƙanenki

*

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan da sauƙi. Ciwon kai ya ɗan matsa mini kwanakin nan, maigida ya ce kai ne ciwon kan, na ce ya bar mini ɗan'uwana.

Daga yadda ka rubuta na gane wasiƙata ta farko ba ta same ka ba. Doguwa ce, a cikinta na yi maka bayanin komai. Ba wanda zai karɓi gidanka. Baba Direba ne ya samu shanyewar jiki, ya maƙale a hawan ƙarshe. Na roƙe ka ne ku musanya zama, su sauko, kayanka su hau, kowa da sunansa a kan gidansa. Ƙofar da na auna, don keken guragu na auna ta. Gaɓar dokar da ta hana musaya ita muke son gyarawa.

Na yi gaggawa, ban musa ba. Bai kamata in kai magana kwamiti ba kafin in ji bakinka. Amma Gajere, ko da takardar ta ɓata, ai ni ban ɓata ba. Ka san ni tun kana rarrafe. Da ka tambaye ni kafin ka tambayi Shugaba.

Ga abin da takardarka ta jawo. Shugaba ya karanta ta a zaman kwamiti, don doka ta ce duk ƙorafin ɗan ƙungiya sai an karanta shi a fili. Ina zaune da biro a hannu ina rubuta abin da ka faɗa a kaina. Da ya gama ya cire tabarau ya ce, "Malama, ni ban zarge ki ba. Amma ɗan kwamiti ba ya zama a kan maganar danginsa. Tun farko ya kamata in tuna miki, laifina ne." Na miƙa littafin taro na fito. Yanzu idan na hau matakala sai hira ta tsaya, in na wuce ta ci gaba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai, maganar ta kai sama. Iya ta sauko har gidana tana haki, ta kama hannuna ta ce, "Malama, don Allah kada ku ɓata da ɗan'uwanki saboda mu. Mun saba da sama." Ta ce tun da Baba ya ji, ya sa an rufe tagar nan, wai iska tana damunsa.

Kada ka ɗauka Shugaba mugu ne. Ya ce mini dokar nan ba don wasa aka yi ta ba. Kafin a kafa ta, a wata ƙungiya da ya sani, masu hali sun riƙa lallaɓa marasa hali suna karɓe gidajen ƙasa da sunan musaya, har aka mayar da su shaguna. Ya ce in aka buɗe ƙofar nan ba a sa mata sakata ba, tsofaffin da muke son taimako su za a fara turawa sama. Gaskiya ya faɗa.

Babban taro yana nan ƙarshen wata mai zuwa. In ba a ji daga gare ka ba za a cire maganar. Ba na roƙonka ka yarda. Gidanka ne. Ina son dai in ka ƙi, ka ƙi abin da na tambaya, ba abin da ban tambaya ba.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai kunya da ta hana ni cin abinci. Yaya ciwon kan? Ki gaya wa maigida ya yi gaskiya.

Wasiƙunki biyu tare suka zo, ta farkon da ta ƙarshen. Ta farkon ashe tana ƙarƙashin kujerar mai mota, ta sha baƙin mai har rabin gaisuwar ya goge. Ya miƙo mini yana dariya, wai ya tsinto mini tsohon labari. Na zauna a kan bututu na karanta. Da na zo wajen birkin nan na kasa ci gaba.

Yaya, ki yafe mini. Ba ni da hujja, amma bari in gaya miki abin da ya hau kaina. A nan kowa yana da labarin abin da ya bari a gida ya koma bai tarar ba. Wani fili, wani shago, wani ma iyali. Kullum da yamma abin da ake hira ke nan. Sai mutum ya fara kwana da tsoro ya tashi da shi. Da na ga doka ta tara sai na ce to, nawa ya zo. Ban ma tsaya na tuna wadda ta rubuto ba.

Baba Direba kuwa, shi ya fara zaunar da ni a gaban mota. In Umma ta makara a wajen aiki, shi yake ɗauko ni daga makaranta ya ajiye ni kusa da shi har ya gama zagayensa, yana nuna mini yadda ake jin ciwon inji da kunne. A ce yau ni ne na sa ya rufe taga.

Na yarda su sauko. Amma ba zan ɓoye miki ba, da na rubuta haka sai da gabana ya faɗi. Ɗakin nan har yanzu ƙamshin Umma yake yi. Saboda haka ina da sharaɗi. Keken ɗinki da akwatinta ke kaɗai za ki taɓa su, a gidanki za su zauna. Gwaibar da ta shuka a bakin taga a riƙa ba ta ruwa. Sauran kaya a hau da su.

Maganar Shugaba kuma na kwana ina juya ta. Sakatar da yake nema ai ba ta da wuya. A ce musaya sai don rashin lafiya, da shaidar likita. A ce kada komai ya shiga tsakanin masu musayar, ko kyauta. A ce kowa sunansa yana kan gidansa, kuma duk shekara babban taro ya sake dubawa. Ke kika iya tsara magana, ki gyara ta yadda za ta shiga kunne. In an hana ki magana, ki ba wani ya karanta da sunana.

Na rubuta wa Shugaba na janye waccan takardar, na ce abin da na faɗa a kanki ƙarya ce ta mai fushi, kuma ina son a karanta wannan ma a fili kamar yadda aka karanta waccan. Injiniyanmu ya sa hannu a matsayin shaida, tunda na tuna doka tana son haka ga wanda ba ya nan.

Mukulli yana cikin ambulan. Na ce wa mai mota in ya sake sa shi ƙarƙashin kujera, zan yi wa ƙofar motarsa walda yana ciki.

Ƙanenki,
Gajere

*

Zuwa ga ƙanena Gajere,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau, ciwon kai ya tafi. Ina fata kai ma ka koma cin abinci. Na yafe maka tun kafin ka roƙa, amma na ji daɗi da ka roƙa.

Saƙonka ya iso ana saura kwana kaɗan. Shugaba ya karanta takardarka a kwamiti, ya hau har gidana da kansa ya ce, "Malama, littafinki yana jiranki. Amma ranar taro a cikin jama'a za ki zauna, ba a tebur ba." Na ce na yarda.

An yi taron a filin tsakiya, ƙarƙashin rumfar ajiye motoci. Ban taɓa ganin an cika haka ba, har waɗanda ba sa zuwa sai an ce za a yanke ruwa. Shugaba ya karanta doka ta tara yadda take, sannan ya karanta gyaran da ka kawo. Ban canza komai ba sai wuri ɗaya da ka rubuta kalma a juye.

Ba a tafi sumul ba. Mai shagon kayan gini ya miƙe ya ce shi ma gwiwarsa tana ciwo, ko za a duba masa gidan ƙasa? Aka yi dariya, amma da gaske yake. Nas ɗin nan ta hawa na biyu ta ce ya zo asibiti ta duba gwiwar, in likita ya sa hannu ita za ta fara ɗaga masa hannu. Ya zauna. Wani kuma ya ce in ka dawo da amarya fa, ta ce ba ta hawa bene? Nan aka daɗe ana ja. Wasu suka ce a ɗage maganar zuwa baɗi. Na ga hannuwa suna shirin tashi, ga shi ba ni da bakin magana.

Sai Iya ta miƙe. Ka san sunan Baba ne a ƙungiya, ita ba ta da izinin magana. Wani ya faɗi haka daga baya. Shugaba ya ce, "Doka ta ba shugaba dama ya saurari baƙo. Iya, bismilla."

Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce, "Ni ban san doka ba. Na san dai lokacin da ake gina benen nan, mijina ne yake kwaso ku a mota kuna zuwa duba aiki. Ranar rabon gidaje ya ce a ba shi na sama, ƙafarsa ƙalau, a bar na ƙasa ga masu ƙananan yara. Baɗin da kuke faɗa, ban sani ba ko yana da ita. In ya yi muku nauyi, ba komai, Allah ya bar zumunci."

Ta zauna. Shugaba ya ce a ɗaga hannu, kuma nasa ne ya fara tashi. Ba kowa ya yarda ba, amma an samu rinjayen da doka take so har da ƙari. An ƙara sharaɗi ɗaya: in mai gidan ƙasa ya dawo yana son gidansa, sai ya ba da sanarwa da wuri, ƙungiya kuma ta nemo wa marar lafiya wani gidan ƙasan kafin a motsa shi. Na ce a raina wannan ya fi namu kyau.

Washegari aka yi aikin. Na ɗauke keken ɗinki da akwati da hannuna kafin kowa ya shiga. Maza suka yi layi a matakala, kayanka suna hawa, nasu suna sauka, ana ta karo a kwana ana ba juna haƙuri. Mai shagon kayan gini shi ya kawo siminti aka yi gangara a bakin ƙofa, ya ce kada in rubuta a littafi.

Baba aka bari ƙarshe. Iya ta sa masa farar riga da hula. Aka ɗauko shi a kujera, yana ta ba da umarni, "A hankali a kwana! Na baya ya rage gudu!" Da aka iso ƙasa aka nufi ɗaki da shi, ya ce a'a, a kai shi bakin titi tukuna. Aka ɗora shi a keken guragu aka tura shi har ƙofar shiga. Ya sauke ƙafar nan mai lafiya ya taka ƙasa, ya daɗe bai ɗauke ba. Can motar haya ta tsaya a karkace, ya ɗaga murya ya ce, "Kai! Wa ya koya maka tsayawa?" Direban ya leƙo zai yi faɗa, ya ga ko wane ne, ya fito da gudu ya durƙusa. Ashe yaron motarsa ne a da.

Yanzu ana kai shi asibiti a kan lokaci. Nas ta ce yatsun hannun sun fara motsi. Kullum da safe yana bakin ƙofa, ba mai fita bai ba da bayanin inda za shi ba.

Gidanka na sama na share shi, na shimfiɗa maka gado. Iska har ta yi yawa. In ka samu hutu ka zo ka gani da idonka.

Na tambayi Baba ko yana da saƙo. Na ɗauka godiya zai yi, har na gyara biro. Idonsa ya kawo ruwa, ya juya kai. Sannan ya ce, "Ki gaya wa yaron nan ƙofar banɗakinsa tana ƙara. Mai walda guda, ya bar ƙofa haka. Ya zo ya gyara, ina nan ina jiransa."

Yayarka,
Malama